Kafin dashen ɓargo: kurakuran da masu jinya ke ta maimaitawa

Daga ranar da likitan jini a asibitin Shika da ke Zariya ya ce sai an yi dashen ɓargo zuwa ranar da kuɗi da biza za su haɗu a tafi Indiya ko Masar, akan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Wannan tsakanin ne mutanenmu ke ɓarnatarwa, gida bayan gida.

Mafi muni shi ne kwantar da majinyaci da sunan tausayi. Da an ji sankarar jini sai a shimfiɗa katifa, ko buta ba a barinsa ya ɗauka. Haka aka yi wa yayana. Inna ta hana shi leƙa ko zaure, 'yan dubiya kuwa sai "sannu Malam, kar ka motsa". Da muka isa asibitin dashen a ƙasar waje, aka sa shi tafiyar minti 6 a baranda don auna ƙarfinsa, bai kai rabi ba ya dafa bango yana haki. Aka ɗaga ranar dashen, kuɗin masauki na ta cinmu a ƙasar mutane. Haba jama'a! Kafin dashen akwai maganin kemo mai ƙarfi da ke share ɓargo, bayansa zaman ɗaki guda na mako 3 zuwa 4, ga gyambon baki da ke hana haɗiya. Wanda ya shiga a rame, da me zai fito?

Ni abin da nake sa mutum yi: tattaki na minti 15 zuwa 20 bayan asuba, da takunkumi in ana ƙurar hunturu, sannan tashi da zama daga kujera sau 10. Amma a duba takardar gwaji. In ƙwayoyin daskarar da jini sun yi ƙasa da 20,000, ko akwai zazzaɓi, a dakata a tambayi likita. Wanda cutar ta ci masa ƙashi kada ya ɗaga kaya mai nauyi.

Kuskure na biyu, ɗura wa majinyaci "maganin ƙarin jini" na kemis da jiƙe-jiƙe. Wanda aka sha yi wa ƙarin jini, sinadarin ƙarfe ya riga ya taru masa, ƙara masa ƙarfen kuwa hanta yake wahalarwa, kuma hantar nan ita za ta ɗauki kemo. Abinci mai gina jiki yake buƙata: mai kilo 60 ya samu kamar giram 70 zuwa 90 na furotin kullum, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. Sai a haɗa da alale, awarar gida, kifi da kunun gyaɗa, kaɗan-kaɗan akai-akai, ba tulin tuwo sau ɗaya ba.

Fura da nonon talla, tsiren bakin titi da kwaɗon ɗanyen ganye, a haƙura da su. Madara da ruwan sha a tafasa. Sigari da shisha a yar yau. Kogon haƙori kuma a kai wa likitan haƙori tun a Zariya, don can ma sai an gyara shi kafin su fara, kuma da dala za ka biya.