Yadda Ake Bin Sawun Furodusa a Farkon Zamanin Fim Mai Magana

Kada ka dogara da sunayen da ke fitowa a farkon fim. A Hollywood ta wancan lokaci, mai wuƙa da nama sau da yawa ba ya kan allo. Furodusa Irving Thalberg na kamfanin MGM ya ƙi a riƙa sa sunansa a finafinansa, har ya rasu a 1936 yana ɗan shekara 37.

Ni na fi son a koyi wannan bincike da furodusa Darryl F. Zanuck, don shi ya fi ɓatar da sawu. Fara da tattara sunayensa na aro. A kamfanin Warner Bros. da rubuta labaran finafinan karen nan Rin Tin Tin ya soma, kuma rubutunsa ya yi yawa har ya koma fakewa da Melville Crossman, Gregory Rogers da Mark Canfield. Duk inda ka ga ɗaya daga cikinsu, shi ne.

Sannan ka kafa shekarun da za su yi maka iyaka. A Oktoban 1927 Warner ta saki The Jazz Singer, fim ɗin da ya buɗe zamanin fim mai magana, wanda sautinsa a kan faifai yake, tsarin Vitaphone. A 1933 Zanuck ya fice bayan rigima kan rage albashin ma'aikata, ya kafa kamfanin Twentieth Century tare da Joseph Schenck, suka haɗe da kamfanin Fox a 1935. Tsakanin nan aikin yake.

Yanzu sai jaridun 'yan sana'a: Variety, Film Daily, Motion Picture Herald. Media History Digital Library ta sa da yawansu a intanet kyauta. Nan za ka ga wa ya sayi labari, wa ya kori darakta, wane fim aka sake ɗauka. Ka gwada abin da ka samu da kundin finafinai na AFI, wato Cibiyar Finafinai ta Amurka. Sai dai a yi hattara, da yawa daga cikin labaran nan ofishin tallan kamfani ne ya turo su, ba a rasa gishiri.

Ka kuma lura da Yulin 1934, lokacin da ofishin Joseph Breen, mai kula da ƙa'idojin ɗa'a na finafinan Hollywood, ya fara tace finafinai da gaske. Finafinan 'yan daba da Zanuck ya fitar a 1931 suna da zafin da ba a ƙyale ba bayan nan, har wasu sai da aka datse su kafin a sake nunawa. Saboda haka ka tabbatar wane kwafi ne a hannunka kafin ka yanke hukunci.