Darasi na 7: Kuɗin haya da albashi a Damagaram

Tun daga watan Janairun 2024, mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne, wato sefa 42,000. Da shi za mu yi lissafin yau. Raba shi gida uku, kowane kaso jika 14. Kaso ɗaya na wurin kwana ne. In haya ta ci fiye da haka, tiyar hatsi ce za ta ragu, don mai gida ba ya jira, tukunya kuwa ba ta da bakin ƙara.

To amma kuɗin da mai gida ya faɗa ba shi ke nan ba.

Mu ɗauki misalin wani mai gadin kanti kusa da Kasuwar Dole. An nuna masa ɗaki biyu. Na farko yana can bayan gari, jika 8. Na biyu a Zango, jika 13, ƙarami, bayi ɗaya tak ga duk ƴan gidan. Ya ce wa matarsa: "Uwargida, mai arahar za mu kama." Ta ce: "Maigida, ka lissafa kabu-kabu?" Bai lissafa ba. Zuwa da dawowa dala ɗari ne kullum, wato sefa 500. A kwana 26 na aiki, jika 13 ke nan. Ɗakin jika 8 ya koma jika 21, rabin albashi. Daga Zango kuwa da ƙafa zai je.

Sai ruwa. Ɗan Damagaram ba sai an ba shi labari ba: a watan Afrilu da Mayu famfo na iya kwanaki bai ɗiga ba, ƴan garuwa su ƙara kuɗi. Kafin ka biya ko dala, tambayi ƴan hayar gidan, ba dillali ba, yaushe rabon da ruwa ya zo. Dillali la'adarsa yake nema.

Ka kuma tambayi yadda ake raba kuɗin wutar Nigelec, kada mai ƙwan fitila ɗaya ya riƙa biya wa mai firji. Duk abin da ka ba da, ko kuɗin wata biyu ne na gaba, a rubuta a takarda gaban shaida.

Aiki: Rubuta abin da kake samu a wata, ka raba shi uku. A ƙarƙashi ka tara kuɗin haya, na ruwa, na wuta da na kabu-kabu. Kawo takardarka aji mako mai zuwa.