Yadda ake raɗa wa tagwayen alkin (alkene) suna: cis, trans, E da Z

Ɗalibanmu na Gusau da Ƙauran Namoda masu shirin WAEC da JAMB, ga yadda ake yi. Alkin sinadari ne mai ɗauri mai layi biyu tsakanin kabon biyu; tagwayensa kuwa atom ɗinsu iri ɗaya ne, siffarsu ce ta bambanta.

Da farko ka zana sinadarin a takarda, ka nemo ɗaurin nan mai layi biyu tsakanin kabon biyu. Ba ya juyawa, shi ya sa ake samun siffa biyu.

Sai ka duba kowanne daga kabon ɗin nan: dole abubuwa biyun da ke jikinsa su bambanta. A nan ɗalibai suka fi zamewa. Kabon na farko a but-1-ene haidirojin biyu yake ɗauke da su, don haka babu cis, babu trans.

Daga nan ka ƙirga daga bakin da ya fi kusa da ɗaurin, ka fitar da suna, misali but-2-ene. In CH₃ biyun suna gefe ɗaya, cis-but-2-ene ke nan. In sun raba gefe, trans.

In kuwa duka huɗun sun sha bamban, a kowane kabon ka zaɓi mai babbar lambar atom. A 1-bromo-1-chloropropene, Br mai 35 ya rinjayi Cl mai 17, CH₃ kuma ya rinjayi H, domin lambar atom ɗin kabon ta fi ta haidirojin. Br da CH₃ a gefe ɗaya, rubuta Z. In sun raba gefe, E.