Yadda ake saka link a shafinka, da abin da ke sa ya mutu bayan ka ɗora shi

Idan ka fara koyon HTML har ka iya saka kan magana da sakin layi, abu na gaba da zai tsaya maka a rai shi ne yadda mutum zai danna wata kalma ta kai shi wani shafin. Shi ne link, wasu na ce masa mahaɗi. Rubutunsa bai wuce layi ɗaya ba, ga shi:

<a href="https://ha.wikipedia.org">Wikipedia ta Hausa</a>

Shike nan fa. Buɗe Notepad ko VS Code ko duk abin da kake rubuta kod da shi, saka wannan layin a cikin body, ka adana fayil ɗin da sunan index.html sannan ka buɗe shi da burauza, za ka ga rubutun ya zama shuɗi da layi a ƙasansa, in ka danna ka dawo kuma sai ka ga ya koma shunayya, alamar ka taɓa zuwa wurin ke nan.

Wannan harafin a ɗin shi ne tag ɗin link. href shi ne inda ake zuba adireshin da za a je, kuma a saka shi tsakanin alamun zance guda biyu. Abin da ke tsakanin > da </a> shi kaɗai ne mai karatu yake gani. Kar ka manta da </a> ɗin nan na rufewa, in ka manta sai ka ga sauran rubutun da ke ƙasa duk ya rine ya zama shuɗi, ko'ina ka taɓa sai ya kwashe ka. Af, tag ɗin nan tsoho ne, yana cikin na farko-farko da Tim Berners-Lee ya fito da su lokacin da yake aiki a cibiyar CERN kusa da Janiba, ya kawo shawarar yanar gizo a 1989, shafin farko kuma ya fito wa duniya a 1991, har yau in ka je info.cern.ch za ka iya leƙa shi, ba hoto ba ado, rubutu ne kawai da link.

To amma ba tag ɗin ne ke kayar da mutane ba, adireshin ne. Nan nake so ka nutsu.

Adireshi iri biyu ne. Akwai cikakke, wanda ya fara da https:// kamar na sama, shi ake amfani da shi in za ka tura mutum shafin wasu. In ka yi ƙiwa ka rubuta href="ha.wikipedia.org" ba tare da https:// ba, burauza ba za ta fita waje ba sam, za ta ɗauka wani fayil ne mai wannan sunan a cikin foldarka, ta duba ta rasa, ta ce maka babu. Shi ya sa gara ka je shafin da kanka ka kwafo adireshin daga sama ka liƙa, ya fi ka rubuta da ka.

Na biyun kuma shi ne na cikin gida, wato tsakanin shafukanka. A nan burauza tana fara lissafi ne daga inda fayil ɗin da kake ciki yake zaune. Mu ce kana da folda ɗaya, a ciki akwai index.html da hotuna.html, sai kuma wata ƙaramar folda mai suna darasi wadda ke ɗauke da na-farko.html. Daga index zuwa hotuna, tunda ɗakinsu ɗaya, suna kawai za ka kira:

<a href="hotuna.html">Hotunanmu</a>

Daga index zuwa darasin kuwa sai ka faɗi foldar tukuna, href="darasi/na-farko.html". Inda ake rikicewa shi ne dawowa. Kana cikin na-farko.html ka rubuta href="index.html", ba zai yi ba, don burauza za ta nemi index ɗin ne a cikin foldar darasi, shi kuwa yana waje. Sai ka sa ɗigo biyu da sandar karkace, href="../index.html", ma'anarsa fita daga wannan foldar taki ɗaya sannan ka duba. Taki biyu kuma ../../ haka dai.

Wani abin da nake yawan gani wurin sababbi shi ne su kwafo hanyar fayil daga kwamfutarsu, irin mai farawa da C:\Users ɗin nan, su zuba a href, a wurinsu yana aiki lafiya lau har su yi ta murna, amma wannan hanyar a kwamfutarka kaɗai take, duk wanda ya buɗe daga wani wuri ba abin da zai samu.

Ni kaina na sha kashi a wani wurin daban. Shafin farko da na haɗa komai na tafiya daidai a laftof ɗina, ina ɗora shi a saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi don mutane su buɗe shi ta intanet, sai link ɗin hotuna ya riƙa ba ni 404, lambar da ke nufin ba a samu shafin ba, na goge na sake ɗorawa ya fi sau biyar, har na fara zargin masu sabar, ashe sunan fayil ɗin Hotuna.html ne da babban H, ni kuma a href na rubuta da ƙarami. Windows ba ruwanta da wannan bambancin, amma yawancin saba Linux suke amfani da shi, shi kuma a wurinsa H da h ba abu ɗaya ba ne. Tun daga ranar duk sunan fayil da ƙananan haruffa nake rubuta shi, kuma ba na barin sarari a tsakani, in kalmomi biyu ne in sa ƙaramin layi kamar game-da-mu.html, don sarari yana komawa %20 a adireshi, ga muni ga saurin kuskure. Haka kuma kar ka rubuta kod a Word, yana lanƙwasa alamun zance su zama masu kama da waƙafi, ido ba zai lura ba amma burauza ba ta gane su.

Sauran dabarun ba su da wuya. In shafinka dogo ne kana so mutum ya yi tsalle zuwa wani sashe, ba wa sashen suna da id, misali <h2 id="tambayoyi">, sai link ɗin ya zama href="#tambayoyi". In kana so ya buɗe a sabon tab ƙara target="_blank" bayan href ɗin, wasu na haɗawa da rel="noopener" saboda tsaro duk da sababbin burauza suna yin hakan da kansu, amma don Allah kar ka sa shi a kowane link, mutum ya danna abu biyar ya tarar da tab biyar, abin haushi ne, musamman a waya. href="mailto:suna@example.com" yana buɗe manhajar imel, tel: da lamba a gabansa yana kai mutum wurin kira, ka fara lambar da alamar + da lambar ƙasa. Hoto ma yana zama link, ka cire rubutun tsakiya ka sa tag ɗin img a madadinsa, kawai ka cike alt ɗinsa, wato ɗan rubutun da ke bayyana abin da ke cikin hoton.

Sai maganar abin da za ka rubuta a jikin link ɗin. "Danna nan" ɗin nan da kowa ke so, ni dai ban ga amfaninsa ba. Makafi suna amfani da manhajar da ke karanta musu allo, kuma tana iya jero musu link ɗin shafi su kaɗai ba tare da sauran rubutun ba, to ka ga in duk "danna nan, danna nan" za su ji, ina za su san wanne ne wanne? Google ma yana duba kalmomin don ya gane abin da ke can. Rubuta "Karanta darasi na farko" ya fi.

Kafin ka danna kowane link, ɗora linzamin kwamfuta a kansa ka kalli ƙasan burauza ta hagu, cikakken adireshin da zai kai ka zai fito, sau da yawa a nan za ka hango harafin da ya ɓace ko foldar da ka tsallake. Bayan ka ɗora a saba kuma ɗauki wayarka, wadda ba ta da fayilolin nan a cikinta, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, har da na komawa index daga cikin ƙananan folda.