Babi na Tara: Fara Koyon Yaren Suwidin ta Intanet

Wannan darasi na mai shirin tafiya ƙasar Suwidin ne, ko don karatu, ko don aiki, ko don bin miji ko mata da ke zaune can. Haka kuma na wanda ya riga ya isa ne, yana jiran a kira shi makaranta, amma ba ya son zaman jiran ya tafi a banza. Abin da kake buƙata waya ce mai shiga intanet, da abin sa wa a kunne, da littafin rubutu, da biro. Littafin nan kada ka raina shi, don abin da hannu ya rubuta ya fi zama a kai.

Mutanen Suwidin suna kiran yarensu svenska. Masu jin sa sun kai kimanin miliyan 10. Ban da Suwidin, yana ɗaya daga cikin yarukan hukuma biyu na ƙasar Finlan. Ɗan'uwan yaren Norwe ne da na Danmak, har ma mutumin Suwidin da na Norwe sukan yi hira kowa da yarensa, su fahimci juna.

Fara da gyara wayarka

Haruffansu 29 ne. Akwai 26 ɗin da ka sani na Turanci, sai uku da ke zuwa can ƙarshe bayan z, wato å da ä da ö. Waɗannan ba ado aka yi wa a da o ba. Haruffa ne masu zaman kansu, kamar yadda ƙ ba k ba ce a wurinmu. Ka san bambancin kafa da ƙafa. To haka su ma: har na nufin "yana da", här na nufin "nan", hår kuma "gashi". Wanda ya bar ɗigon nan a rubutu ya faɗi wata magana daban.

Saboda haka tun kafin darasin farko, ɗauki wayarka. Buɗe wurin rubuta saƙo, ka ɗora yatsa kan harafin a, ka danne, kada ka ɗaga. Wani ɗan layi zai fito a sama ɗauke da ire-iren a. Ja yatsan zuwa å, sannan ka saki. Yi haka don ä, sai ka danne o don samun ö. In kana son sauƙi, shiga saitin wayar, wurin harsuna, ka ƙara svenska cikin allon rubutu, haruffan uku za su fito fili a gefen dama. Maimaita har hannu ya saba.

Wane kwas za ka ɗauka?

Shawarata ita ce kada ka biya ko kwabo a watan farko. Na kyauta sun isa mai farawa. Manhajar Duolingo tana koyar da yaren ta hanyar Turanci, tana kuma da shi ta hanyar Larabci, wanda zai yi wa mutanenmu da suka yi karatun Islamiyya daɗi. Akwai ƙamus na intanet mai suna Lexin da aka yi musamman don baƙi, yana furta kalma ka ji, yana kuma da hotuna. Gidan rediyon ƙasar, Sveriges Radio, yana da shirin labarai mai suna Radio Sweden på lätt svenska, inda ake karanta labarai a hankali cikin sauƙaƙan kalmomi. Akwai kuma jarida mai sauƙin karatu, 8 Sidor.

In ka ga an rubuta A1 a jikin kwas, shi ne naka. Ma'aunin Turai ne na ƙwarewar harshe, yana farawa daga A1 ya ƙare a C2. Kada girman kai ya sa ka tsallaka zuwa A2 don kawai kana jin Turanci.

Wanda ya riga ya samu izinin zama, aka yi masa rajista a ƙaramar hukumar da yake zaune, yana da haƙƙin shiga SFI, wato Svenska för invandrare, karatun yaren don baƙi. Kyauta ne, ƙaramar hukuma ke ɗaukar nauyinsa, su kuwa suna ce mata kommun. Azuzuwansa huɗu ne, A, B, C da D. Ajin A an yi shi ne don wanda bai yi boko ba ko ya yi kaɗan, don haka babu abin jin kunya. Ƙananan hukumomi da dama suna ba da damar yin sa daga gida ta intanet. Tambayi kommun ɗinku.

Sai abu guda da nake so ka riƙe da kyau. Babu kwas ɗin yare da ke ba da biza. Izinin zama a hannun hukumar shige da fice ta ƙasar yake, Migrationsverket. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin darasi zai haɗa maka da takardar tafiya, rabu da shi.

Kunne kafin ido

Nan ne nake so mu daɗe, don nan ne Bahaushe ya fi masu koyo da yawa sa'a, amma bai sani ba.

Faɗi "gari" na zama, sannan ka faɗi "gari" na tuwo. A rubuce ɗaya suke, amma a na biyun ka ja wasalin. Yanzu faɗi "daba", sannan "dabba". Ka ji yadda ka danne baƙin a na biyun? Wannan jan wasali da danne baƙi su ne ƙashin bayan furucin yaren Suwidin. Dokar ita ce, in baƙi ɗaya ya biyo wasali, ja wasalin. In baƙi biyu ne, gajarta wasalin ka danne baƙin. Tak, a ja shi "taak", rufin ɗaki ne. Tack, a gajarce, shi ne "na gode". Glas kofin gilashi ne, glass kuwa askirim ne. Ful mummuna ne, full cikakke, kuma ana faɗin sa ga wanda ya bugu. Kunnenka ya saba da irin wannan tun kana goye. Abin da ya rage ka yarda da shi.

Suna ma da hawa da saukar murya mai sauya ma'ana, kamar yadda muke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya. Kalmar anden, gwargwadon yadda murya ta tashi ta sauka, tana iya zama "agwagwar" ko "ruhin". Shi ya sa maganarsu take kamar waƙa. Kada ka tsaya haddace dokar wannan yanzu. Saurara kawai ka kwaikwaya.

Inda za ka sha wuya shi ne wasula, don tara suke da su, mu kuwa biyar. Harafin å kamar o ɗinmu ne na "ƙofa". Shi kuma o nasu sau da yawa kamar u ɗinmu yake fita, shi ya sa bok, littafi, ake ce masa "buuk". Don furta ö, faɗi "e", kana cikin faɗi ka tattara leɓɓanka kamar mai hura wuta. Yi shi gaban madubi. Akwai kuma sautin farkon sju, bakwai, iska ce ake fitarwa tsakanin "h" da "sh" da leɓɓa a tattare. Ko ka ce "shu" za a gane ka, don a wasu sassan ƙasar kusan haka suke faɗi.

Wata ɗalibata da ke shirin bin mijinta ta shafe mako uku tana danna amsoshi a manhaja da wayar a kashe murya, don kada ta dami mutanen gida. Makinta ya yi kyau ƙwarai. Ranar da na ce ta karanta mini kök, wato kicin, sai ta ce "kok". Ba ta taɓa jin cewa k tana komawa kamar "sh" a gaban e, i, y, ä da ö ba. Muka koma farko, wannan karon da abin kunne, tana faɗin kowace kalma sau uku da ƙarfi. Cikin kwana goma bakinta ya sake.

Ɗan nahawu kaɗan

Mu muna cewa "mota", in sananniya ce mu ce "motar". Muna cewa "gida", mu ce "gidan". Su ma a wutsiyar kalma suke liƙa wannan. En bil mota ce, bilen motar. Ett hus gida ne, huset gidan. Kowane suna ko dai na en ne ko na ett, kuma wannan ba rabon namiji da mace ba ne irin namu. Na en sun fi yawa nesa ba kusa ba. Kada ka taɓa rubuta suna shi kaɗai a littafinka, rubuta shi da en ko ett ɗinsa, su shiga kanka tare.

Aikatau ba ya sauyawa da mai aiki: jag äter ina ci, du äter kana ci, vi äter muna ci. Amma yana da kujerarsa, ta biyu a jimla, ba ya kuma barin ta. Jag äter ris idag, ina cin shinkafa yau. In ka fara da "yau", sai ka ce idag äter jag ris. Aikatau ya tsaya a na biyu, "ni" ya koma bayansa.

Wani abu zai yi maka nauyi a baki. Kowa du ake ce masa, wato kai ko ke, malami ne, likita ne, tsoho ne. Tun ƙarshen shekarun 1960 suka bar yawan kiran muƙami. Mu da muka tashi da ce wa manya "ku", sai mu ji kamar rashin kunya ne. A wurinsu ba haka ba ne, kuma malamarka za ta so ka kira ta da sunanta na yanka.

Lokacin darasi

Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Zaɓi lokaci ɗaya, misali bayan sallar asuba kafin gida ya tashi. Sauke darussan sauti lokacin da kake da data mai arha, ka saurara ko babu intanet.

In ajin kai tsaye ne da malami, lura da agogo. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris, lokacinsu ɗaya ne da na Najeriya da Nijar. Sauran watannin suna gaba da awa ɗaya. Sannan in malama ta ce halv tre, ba uku da rabi take nufi ba. Biyu da rabi ne, wato saura rabin awa ƙarfe uku ta cika. Mutane da yawa sun makara aji saboda wannan.

Aikin wannan mako

Rubuta waɗannan a littafinka, ka nemi furucin kalmominsu a Lexin: hej sannu, hej då sai an jima, tack na gode, ja i, nej a'a, jag heter sunana, vad heter du? yaya sunanka, jag förstår inte ban gane ba. Ƙara da ƙirga ɗaya zuwa goma: ett, två, tre, fyra, fem, sex, sju, åtta, nio, tio. Ranar Juma'a ka ɗauki muryarka a waya kana faɗin sunanka da ƙasarka, misali jag kommer från Niger, sannan ka faɗi tak da tack a jere sau biyar. Kunna wa wani a gida, ka tambaye shi ko ya ji bambancin biyun. In bai ji ba, sake ɗauka.