Yadda ake raba mitar rediyo tsakanin ƙananan garuruwa, da yadda za ku nemi taku

Tun da na ɗan taɓa shiga harkar kafa gidan rediyo mutane ke tare ni da tambaya, wai mu ma muna son gidan rediyo a garinmu, ina ake zuwa, wa ake gani, kuma me ya sa garin su wane suka samu mu ba mu samu ba alhali mun fi su jama'a mun fi su kasuwa. To bari yau in zauna in warware muku, don wallahi abin na ci min rai in ga mutane sun haɗa kuɗin guminsu sun sayo kaya sun jibge a ɗaki, ƙura na ci, saboda ba wanda ya gaya musu ta ina ake farawa.

Ku fara gane mece ce mita tukuna. Lambar nan da mai gabatarwa ke faɗa, kuna sauraronmu a kan mita kaza, ita ce rumfar gidan rediyon a sararin sama, kuma layin rumfunan gajere ne. Zangon FM gaba ɗayansa daga 87.5 ya fara ya tsaya a 108, shi kenan, daga nan sai hurumin jiragen sama wanda ba mai taɓa shi. Sannan ba a manna tasha a jikin tasha, dole a bar rata, in ba haka ba su dinga shiga bakin juna. Wanda ke Kano ya ɗauki rediyonsa ya murɗa a hankali zai gani da kunnensa, Dala na 88.5, Rediyo Kano na 89.3, Arewa na 93.1, Cool na 96.9 sai Rahma a 97.3, BUK na 98.9 sai Freedom a 99.5, kowa da ɗan filin da aka bar masa gefe da gefe. In ka lissafa da ratar 0.4 za ka ga ko an cika layin maƙil tasha hamsin da ɗoriya ne kawai zai ɗauka a gari ɗaya, kuma a zahiri ba a kai wa hakan don akwai na garuruwan maƙwabta da ke shigowa.

Abin da ke ceton ƙananan garuruwa shi ne FM ba ta tafiya nesa irin gajeren zango da iyayenmu ke kama BBC da shi. Ita kusan iya inda eriya ke hange take kai wa. Turken eriya mai tsayin mita 30 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu zai kai maka kilomita 20 da wani abu, dutse ko tudu ya gitta ya rage, in kuma a saman dutsen ka kafa ya ƙaru sosai. Shi ya sa ake iya ba gari biyu mita iri ɗaya in dai akwai nisa mai kyau tsakaninsu, kuma shi ya sa hukuma ba lamba kaɗai take ba ka ba, tana haɗa maka da wurin da za ka kafa, da tsayin turke, da ƙarfin tiransimita, wato na'urar da ke tura muryar sama. Huɗun nan tare suke tafiya, ka taɓa ɗaya ka karya sharaɗi.

Su wa ke rabon? A Najeriya akwai majalisar da ke kula da mitocin ƙasa baki ɗaya, NFMC, wadda ministan sadarwa ke shugabanta, ita ke yanka kason ta ba NCC na kamfanonin waya, ta ba NBC na rediyo da talabijin. Ku taku da NBC ce, hukumar da aka kafa a 1992 lokacin da aka fara barin 'yan kasuwa su buɗe tashoshi. Amma fa NBC tantancewa take ta ba da shawara, takarda ta bi ta hannun ministan yaɗa labarai, sa hannun ƙarshe na shugaban ƙasa ne, don haka duk wanda ya ce muku wata biyu an gama ku riƙe aljihunku. Ku duba tarihi ma, sai a 2010 gwamnatin Jonathan ta sanar cewa ta yarda a ba da lasisin rediyon al'umma, wato tashar da jama'ar gari suka mallaka da kansu, amma rukunin farko guda 17 bai fito ba sai 2015. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu nesa ba kusa ba, tun 1999 aka buɗe tashar al'umma ta garin Bankilare, yanzu kuwa suna da sama da ɗari, ƙauyuka da dama da hasken rana suke kunna nasu. Ni har kullum in na tuna wannan sai in ji mun yi wa mutanen karkararmu rowa.

Yanzu ga abin da za ku yi. Kafin komai ku zama ƙungiya ta gaskiya mai rajista da CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), wadda ba ta neman riba, da kwamitin amintattu da kundin tsarin mulki a rubuce. Dokar NBC ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisi, to kar ku je da sunan masallaci ko coci ko ƙungiyar magoya bayan wane, a nan take za a ajiye fayil ɗin. Haka kuma rediyon al'umma ba na Alhaji ɗaya ba ne, ko da shi ya ba da fili ya sayi janareta, a gode masa a sa masa albarka amma kar sunansa da na 'ya'yansa su cika kwamiti. A sa mata, a sa matasa, a sa manomi da makiyayi, a sa wakilin ƙabilun da ke zaune da ku ko da 'yan kaɗan ne, kuma ba na ado ba, su zama masu magana a ji. Ku dinga rubuta bayanin duk zaman da kuka yi da sa hannun waɗanda suka halarta, don takardun nan ne shaidarku cewa jama'a ne suka nema, ba mutum uku a shagon shayi ba.

Sai ku je ofishin NBC da kanku, akwai na shiyya a Kaduna da Sakkwato da Maiduguri da Jos, hedikwata na Abuja, ku tambayi fom na rediyon al'umma da jerin abubuwan da ake haɗawa da kuɗin da ake biya a lokacin, ku karɓi rasit na duk sisin da ya fita. Kar ku bi ta hannun ɗan kamasho.

Daga nan ku nemi injiniya wanda ya san aikin watsa shirye-shirye, ba mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ba duk da shi ma da ranarsa. Shi zai ɗauki lambobin wurin a taswira, ya auna tudu da kwari, ya zana iya inda muryarku za ta kai, ya zagaya da na'urarsa ya ji waɗanne mitoci ne tuni ke da mai su a yankin. Tsayin turke kuma sai da izinin NCAA masu kula da sufurin jiragen sama, musamman in kuna kusa da filin jirgi. In garinku na bakin iyaka ne, irin Jibiya da ke kallon Maraɗi ko Illela da ke manne da Birnin Ƙonni, to ku ƙara haƙuri a kan haƙuri, don murya ba ta san shingen kwastan ba, akwai yarjejeniyar Janiba ta 1984 ƙarƙashin ITU, hukumar sadarwa ta duniya, da ta tsara rabon FM tsakanin ƙasashen Afirka da Turai, mitar da za ta tsallaka sai an daidaita da ƙasar da ke ɗaya gefen.

Dan Allah kar ku sayi tiransimita da eriya kafin takardar mita ta fito. Eriya ana daidaita ta ne da mitar da aka ba ka, in ka riga ka saya aka ba ka wata lamba can nesa sai ka sake kashe kuɗi, kuma kunna tasha ba lasisi laifi ne, za a rufe a kwashe kayan.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar, in garuruwa biyu ko uku na kusa da juna kowa ya nema. Na gani da idona. Wasu garuruwa biyu ne da bai fi kilomita goma sha biyu tsakaninsu ba, kasuwa ɗaya suke ci, auratayya suke, amma kowa ya ce sai dai a kafa a nasa, kowa ya haɗa takardunsa daban, har aka fara rubuta ƙorafi a kan juna. Aka kira zama a wani ajin firamare, dattawa a kan bencin yara gwiwoyinsu na taɓa teburi, injiniyan da muka zo da shi ya ɗauki alli ya zana da'ira biyu a allo, sai ga shi kowace ta haɗiye garin ɗaya gaba ɗaya. Wani tsoho da ke riƙe da ƙaramin rediyonsa da aka ɗaure murfin batir da roba ya ce, ɗana, kana nufin in sun yi magana can ni zan ji a tsakar gidana? Injiniya ya ce ƙwarai kuwa Baba, tamkar a kunnenka. Tsohon ya yi shiru ya ce to mu me muke rabawa. Amma lokacin an riga an ɓata shekara da wani abu, kuɗin da aka tara rabi ya tafi a zirga-zirga, masu zuciyar abin sun fara sanyi.

Ku sa kanku a kujerar mai tantancewa. Gabansa fayil biyu ne na yanki ɗaya, jama'a ɗaya, harshe ɗaya, mitar da ta rage kuma ƙila ɗaya ce tak. Abin da zai duba shi ne wanne ne ya fi wakiltar mutane, wanne ne yankinsa ba shi da wata tasha da ke magana da harshensa, wanne ne lissafin injiniyansa ba zai dami wata tasha ba, wanne ne kuma ya nuna ta inda zai samu kuɗin mai da albashin mai gadi bayan an gama bikin buɗewa. Yawan surutu da yawan manya a takarda ba sa cike gurbin waɗannan, kuma fayil ɗin da ƙorafi ke bin bayansa kowa tsoron taɓa shi yake. Shawarata a nan ba ta canzawa, ku haɗe ku kai fayil ɗaya. A kafa turke inda ya fi tudu ko da a gonar da ba ta kowane gari ba ce, situdiyo a gari ɗaya, ƙaramin ɗakin ɗaukar shiri a ɗayan, a raba kujerun kwamiti, a raba awoyi a rubuce tun kafin a fara, wa ke da safe wa ke da bayan isha'i, ranar kasuwa ta wa ce, awa nawa na Fulfulde ko Kanuri ko duk harshen da ke wurin. Sunan tashar ma kar a sa na gari, a nemo na kogi ko dutsen da kowa ke taƙama da shi, wannan ƙaramin abu na kashe rigima fiye da yadda kuke zato.

Batun kuɗin tafiyarwa kar ku rubuta za mu dogara ga Allah da masu hannu da shuni kawai, mu duka gare Shi muka dogara amma takarda lissafi take so. Ku nuna kuɗin katin gaisuwa, sanarwar ɗaurin aure da suna da cigiya, karo-karon mambobi, ku nuna kuna da shirin sola don man janareta shi ke kashe ƙananan tashoshi.

In Allah Ya sa an amince, za a ba ku takarda ku biya kuɗin lasisi, a ba ku mita da sharuɗɗanta, ku kafa kaya, jami'ai su zo su duba, ku yi gwaji na ɗan lokaci kafin a buɗe sosai. Akwai wa'adin da ake so a ga kun fara aiki, kar ku karɓi mita ku kwanta a kanta wasu na jira. Lasisin na shekara 5 ne, ku fara tanadin sabuntawa tun daga shekarar farko, ku tuna a watan Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi, har da manya-manya, kafin daga baya a dakatar da matakin.

Bayan kun hau iska wata rana za ku ji wata tasha na shigo muku, mai sauraro ya kira ya ce daga gada zuwa mahaɗa muryarku na ɓacewa wata na fitowa, don ita FM haka take, wadda ta fi ƙarfi a wurin ita ke danne ɗayar. Kar ku ce bari mu ma mu murɗa namu ƙarfin, ku ne za ku koma masu laifi, ga kuma haɗarin ku kutsa wa jiragen sama in kuna can saman zango kusa da 108. A sa yaro a babur da rediyo da waya, ya bi hanyar ya ɗauki sautin, ya rubuta wuri da rana da ƙarfe nawa, a yi haka kwana uku ko huɗu safe da dare. Injiniyanku ya fara duba naku kayan tukuna, don sau da yawa matsalar daga gida take, waya ta saki ko ruwa ya shiga mahaɗin eriya. In naku lafiya lau ne sai ku rubuta wa ofishin NBC na shiyyarku ku haɗa da abin da kuka ɗauka, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa a fayil ɗin tasha.