Yadda ake shirya tafiyar hutu ƙasar waje da yara daga Damagaram

Babban hutun lakwal yana kamawa ne wajen watan Yuli, yara ba su komawa aji sai Oktoba. A wannan tsakanin masu niyyar fita da iyali suke ɗaura kaya: wasu Kano ko Kaduna wurin dangi, wasu Lome ko Akra, wanda Allah ya hore wa kuma ya nufi Umra da ƴaƴansa. Ko ina kuka dosa, ƙaramin cikinku shi ne ma'aunin tafiyar. Abin da jikinsa zai iya ɗauka da takardun da za a nema a kansa su ne za su tsayar da ranar tashi da hanyar da za a bi. Shi ya sa ake fara shiri tun ana tsakiyar bazara, a Maris ko Afrilu.

Maigida, ka fara da fito da takardar haihuwar kowane yaro ka shimfiɗa su a tabarma, ka karanta su harafi bayan harafi. A nan ne aiki ya fi cin lokaci. Yarinyar da ake kira Aisha a gida wataƙila an rubuta ta Aïchatou a takardar haihuwa, Aïssatou a takardar lakwal. Sunanka kuma Mahamadou a takardar babban yaro, Mahaman a ta ƙaninsa. A cikin gari ba wanda ya damu da wannan, amma ma'aikacin filin jirgi abin da ke rubuce kawai ya sani. In akwai saɓani, a gyara shi kafin a nemi fasfo. Yaron da ba a yi wa takarda ba lokacin haihuwa sai an bi ta kotu a samo wadda ke maye gurbinta, daga nan a nemi takardar shaidar ɗan ƙasa. Kowanne da layinsa da ranakunsa.

Sai fasfo. Kowane yaro da nasa, har jaririn da ke goye. Hukumar ƴan sanda mai kula da shige da fice, wadda aka fi sani da DST, ita ke bayarwa, kuma ka tambaya tun da wuri ko sai an kai yaron da kansa domin hoto. Mai tsohon fasfo ya duba ranar ƙarewarsa, don ƙasashe da yawa ba su karɓar wanda bai da sauran wata 6 a gaba. Tun ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, tare da Mali da Burkina Faso, aka kuma ƙaddamar da fasfon AES, ƙawancen ƙasashen uku. A lokacin CEDEAO ta sanar cewa za ta ci gaba da barin ƴan ƙasashen uku su shiga ba biza har sai an yanke wata shawara. Magana irin wannan tana iya sauyawa, saboda haka ka tabbatar da halin da ake ciki a ofishin jakadancin ƙasar da za ku kafin ka biya kuɗin tikiti.

Akwai takarda guda da mutane ke rainawa: izinin uba ko na uwa. In uwargida ce za ta tafi da yara ita kaɗai, ko an haɗa ku da ɗan yaya ko ƴar ƙanwa, to a rubuta izini, mai yaron ya sa hannu, a buga masa hatimi a ma'aikatar magajin gari ko kwamisariya, a haɗa da kwafin katinsa. Kada a ce ai Kano gida ne. Gida ne a zumunci, amma akwai iyaka a tsakani, kuma jami'an iyaka suna sa ido kan masu fita da yaran da ba nasu ba. Mu a jihar Damagaram ba mu da bakin jin haushin wannan bincike. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga cikinsu ƴan yankin Kance. In jami'i ya ja yaronka gefe ya tambaye shi wane ne babansa, ka bar shi ya amsa da bakinsa.

Mataki na gaba gidan likita ne. Ƙasashe da yawa suna neman karne mai ruwan ɗorawa na allurar shawara. Ana yi wa yaro daga wata 9, takardar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har iyakar rai. Masu zuwa Umra ana neman su da rigakafin sanƙarau, shi ma aƙalla kwana 10 kafin isa Saudiyya. Ku tafi da karnen rigakafin kowane yaro, likita ya duba abin da ya rage.

Ku tuna hutun nan da damina yake faɗowa, lokacin sauro. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata ake bayar da shi a daidai wannan lokaci. In tafiyar za ta haɗa da ranar rabo, ku yi magana da ma'aikacin lafiya na unguwarku. A jaka kuwa kada a rasa gidan sauro, da farasitamol na yara, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa tare da zinki. Yaron da ke da magani na kullum, kamar mai sikila ko asma, a ɗebar masa wanda zai wuce kwanakin tafiyar, a cikin kwalinsa na asali, da takardar likita.

Yanzu hanya. Mai tashi daga Damagaram yana da ƙofa biyu. Filin jirgin Diori Hamani na Yamai yana da nisan kilomita wajen 900, ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutse da Doso. Bas na tashi tun kafin asuba, a wuni cur ana tafiya. Kano kuwa kilomita wajen 240 ce, ko ta Matamai a tsallaka a Ɗan Barto da Kwangwalam a bi ta Daura, ko ta Magarya da Tinkim a faɗa Babban Mutum. A ganina, mai ƙananan yara ya fara duba ko jirgin da yake so yana tashi daga filin Malam Aminu Kano. In ta can za ku bi, ku tsallaka iyaka da rana, ku tsaya a buga wa kowane fasfo hatimin shiga. Ku kuma saurari labarai, don mun ga yadda aka rufe wannan iyaka bayan Yulin 2023 ba a buɗe ba sai Maris 2024. Ko Yamai ko Kano, kada ku isa ranar tashin jirgi. Ku kwana biyu, yara su yi wanka su yi barci, ƙafafunsu su saki. Sannu-sannu ba ta hana zuwa.

Wajen yankar tikiti, a rubuta suna daidai yadda yake a fasfo. Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya ake riƙe shi, kuɗinsa kaɗan ne, daga shekara 2 kuwa sai an ba shi kujerarsa. In da hali ku guji jirgin da zai ajiye ku awa goma a wani filin kuna jiran na biyu, ko da ya fi araha.

Batun kuɗi a taƙaice: sefarmu tana aiki a ƙasashe 8, ciki har da Togo, Benin, Kodibuwa da Senegal. Ta Cadi da Kamaru darajarsu ɗaya da tamu amma takardun daban ne. Yuro 1 sefa wajen 656 ne, ba ya motsi. Naira kuwa kullum da farashinta, don haka a riƙa canzawa kaɗan-kaɗan. A raba guzuri biyu, rabi wurin maigida rabi wurin uwargida.

Uwargida, jakar hannu taki ce. Ki sa wa kowane yaro kayan canji guda, da zani, da rigar sanyi, don cikin jirgi akwai sanyi ko da a waje ana zufa. Ba a wucewa da ruwa ko mai da ya haura mililita 100 a kwalba ɗaya, amma ana barin madarar jariri da abincinsa bayan an duba. Lokacin da jirgi ke tashi da lokacin da yake sauka, ki ba jariri nono, manya ki ba su alawa su tsotsa. Haɗiyar miyau ce ke buɗe kunnen da ya toshe, kukan da ake ji a jirgi galibi daga nan yake. Garin kunu da dabino da biskit za su fisshe ki ranar da yaro ya ƙi abincin baƙon wuri. Kilishi kuwa a cinye shi a hanya, ƙasashe da yawa ba su yarda a shigar musu da nama ba.

Ga wata magana da nake roƙon ku riƙe da kyau. Da zarar an ji za ku tafi, saƙo zai fara zuwa: ga ƙulli a kai wa wance a Makka, ga kwali a miƙa wa wane a Lome. Duk saƙon da ba a buɗe a gabanku ba, kada ya shiga kayanku, ko daga hannun wa ya fito, balle a cusa shi a jakar yaro. Hukuncin fataucin ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma wanda aka samu da kaya shi ake kamawa. Ko goro ma ana gargaɗin maniyyata kada su tafi da shi.

Da kun sauka, ku rubuta ƴar takarda: sunan yaro, sunan masauki, lambar wayar da kuke amfani da ita a can, da ta gida mai farawa da +227. A sa a aljihun rigarsa a maƙale da fil. Kowace safiya a ɗauki hotonsa da kayan da ke jikinsa. A koya masa cewa in ya duba bai gan ku ba, ya tsaya inda yake, ya nemi mai kayan sarki ko mace mai goyo. A cunkoson Harami ko kasuwar Kwari, kowane babba a damƙa masa yaro takamaimai, don in an ce kowa ya lura, ba wanda ya lura.

Fita ɗaya a rana ta isa. In Kano kuke, yau gidan zu na Audu Bako, gobe Gidan Makama ko marinar Ƙofar Mata, jibi a hau Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, sauran wuni a bar su su yi wasa da ƴan uwansu. Ruwan sha na kwalba ko wanda aka tafasa.

Ku tsara dawowa aƙalla mako guda kafin a buɗe lakwal, kuma kuɗin littattafai da na rajista a ware su tun kafin tafiya, kada tsaraba ta cinye su. Yaron da jikinsa ya yi zafi bayan an dawo a kai shi awon jini a ranar, a faɗa wa likita ƙasar da aka je da kwanakin da aka yi. Fasfo da karne kuma a haɗa su a leda ɗaya, a rubuta ranar ƙarewar kowane fasfo a bayanta, a ajiye inda gara da ruwan damina ba za su kai ba.